Izu Ɗaya Don Yaya

Murfin tukunyar ruwan shayi ne ya fara gaya min. Ƙaramar tukunya ce, murfinta bai zauna daidai ba, in ruwa ya tafasa sai ya riƙa ƙas-ƙas-ƙas a bakinta. Shekara da shekaru ga yadda nake yi: in na idar da sallar asuba sai in ɗora ruwan shayin maigidana Alhaji, in rage wuta, in zauna bakin ƙofar kicin da mushafina. Kafin murfin ya fara magana na gama abin da na saba karantawa, har na yi addu'a na shafa. Ran nan ya fara ƙas-ƙas ina shafin farko, ban ma kai ƙasansa ba. Na tashi na duba, na ce ko na manta ban rage wutar ba. A rage take.

Ina rubuta wannan ne saboda mata sa'o'ina da suka haura hamsin, musamman waɗanda aka sani da karatu, don mu ne muka fi ɓoyewa.

A Maraɗi aka haife ni, can na yi kolej kafin aure ya kawo ni Abidjan. Muna zaune a unguwar Adjamé, bayan kasuwar Roxy, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Alhaji albasa yake kawowa daga gida. Ni ban taɓa aikin ofis ba, ban taɓa kasa kaya a kasuwa ba, abin da aka san ni da shi karatu ne. Matan unguwa Malama suke ce min, wasunsu a gabana suka fara haɗa baƙi. Kuma matanmu na nan suna da al'ada: in an yi rasuwa, ranar bakwai da ranar arba'in mukan yi wa mamaci sauka a ɓangaren mata. Akwai akwati da aka ajiye Littafin Allah izu-izu a ciki, a raba wa duk mai iya karatu. Ba a addu'a, ba a buɗe kwanon abinci, sai ta ƙarshe ta rufe nata. Ni nake ɗaukar kaso mafi yawa, in na gama kuma in zagaya in karɓi na waɗanda suka makara in ƙarasa musu.

Makonnin farko na ɗora wa komai laifi ban da idona. Na ce ƙwan lantarki ne ya tsufa. Na ce barci ne bai ishe ni ba. Abin da nake ji ba ciwo ba ne, kuma ba makanta ba ce, don ina hango mai tallan gawayi tun daga bakin titi. Idon ne dai ya ƙi zama inda na ajiye shi. In na kai ƙarshen layi na juyo, ko in faɗa kan layin da na bari, ko in tsallake ɗaya. Ƙananan kalmomi sukan ɓace, sai na dawo baya in same su zaune a wurinsu. Doguwar kalma kuma farkonta kawai nake gani, sauran baƙaƙen sun cunkushe kamar mata a bakin famfo, sai in cika da zato.

Abin da ya yaudare ni ya yaudari kowa shi ne hadda. Wurare da yawa na san su da ka, to bakina sai ya yi gaba abinsa, idon yana baya yana lalube. Mai saurare ba zai ji komai ba. Ranar da na ɗauki takardar cikin kwalin maganin Alhaji, ta Faransanci, inda babu hadda da za ta rufa min asiri, ranar na san akwai magana. Layi ɗaya na yi ta zagayawa har na ajiye.

Ban gaya wa kowa ba. Na sa mayafi na je Roxy wajen mai teburin gilashi, na ce wa maƙwabciyata nake saya. Ya dube ni ya miƙo min guntun jarida.

“Tanti, gwada mata wannan. Idonku ɗaya da maƙwabciyar, na gani. Da shi za ki hango kwarkwata a kan mutumin da ke can unguwar Plateau.”

Na yi dariyar dole na biya. Baƙaƙen sun yi girma, gaskiya ne, amma tsallen bai bari ba, sai ciwon kai da ya ƙaru. Na tura gilashin ƙarƙashin zannuwa a akwati.

Cikin haka jikin Yaya Hadiza ya yi tsanani. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni, ita ta riga ni zuwa garin nan, tana zaune a Arras cikin Treichville, a ɗaya daga tsofaffin benayen nan, tare da ɗanta da matarsa Balki. Yaya ba ta yi karatu ba, abin salla kawai ta iya. Duk Juma'a nakan haye gada in je in karanta mata, tana kwance tana jan carbi. Wata Juma'a ta riƙe min hannu ta ce, “Ranar da na tafi, kada ki zauna kina rarraba wa mutane ke kina kallo. Da bakinki nake so.” Na ce, “Yaya, bar wannan magana.” Ta ce, “Na bari. Amma kin ji.” Allah Ya karɓi abinSa ba a daɗe ba.

Ranar bakwai falon ya cika, mata har kan matakala. Da aka buɗe akwati hannuna ya ɗauki izu biyar kamar kullum, bai shawarce ni ba. Baƙaƙen izu-izun akwatin Arras ƙanana ne, taga kuma mata sun tare ta da jikinsu. Na fara. Bakina ya ɗauka da gudu, na yi nisa, sai na duba shafin na ga abin da nake faɗa ba shi ne a rubuce ba, hadda ta ja ni zuwa wani wuri mai kama da shi. Na koma baya. Na sake ɓata. Na sake komawa. A gefena ina jin mata suna rufe nasu ɗaya bayan ɗaya, gunagunin karatu yana raguwa, har ya zama muryata kaɗai ce a falon. Daga ƙasa maza suka aiko a tambaya ko mata sun gama.

Balki ta zo ta durƙusa a gabana. Yarinya ce mai ladabi, ba ta ɗaga murya ba.

“Malama, kawo in rage miki.”

Ta ɗauki huɗun da ke kan cinyata ta miƙa wa 'yan matan da ni na koya musu. Ta ɗan jira, ta ga inda nake, sannan a hankali ta zare na hannuna ma. Kafin a shimfiɗa ledar abinci sun gama. Na ji wata a bayana tana cewa, “Baƙin ciki ne. 'Yar'uwa ai ba wasa ba ce.” Na sunkuyar da kai na bar su a haka, alhali na san abin ya riga rasuwar. Aka yi addu'a aka ce Allah Ya kai ladan kabarin Hadiza, ina cewa amin ina jin kamar ƙasa ta buɗe. Ko izu ɗaya cikakke bai fita daga bakina ba. Abin da ya rage min ranar arba'in ce, bayan ita kuma babu wata.

Da na faɗa wa na kusa da ni gaskiya, sai magani ya fara shigowa gida ta kowace ƙofa. Wata ƙanwar Alhaji ta ce kambun baka ne, an yi ta yaba karatuna ba a cewa tubarkalla. Maƙwabciyarmu Ma Fanta, Bajula ce mai kirki, ta kawo ganye a ce in tafasa in yi surace. Aka kawo kwalli na Madina, aka kawo rubutu. Ban raina ko ɗaya ba, kowa da ƙauna ya zo, Allah Ya saka musu. Wata tsohuwa ta ce in ɗiga zuma farar saƙa. Na ɗiga. Raɗaɗin da na ji ba na fata ko maƙiyi ya ji, idon ya yi ja kamar gauta, ya kwana yana ruwa.

A haka 'yar autata Sadiya ta zo ta same ni. A nan aka haife ta, Faransanci ya fi zama a bakinta, in ranta ya ɓaci sai ta haɗa biyun.

“Mama, zuma? A ido? Ke da kika yi kolej? Non, gobe asibiti.”

Na ce, “Ai ba ciwo nake ba.”

“To me ya sa kike kallona da ido ɗaya?”

Muka fita bayan asuba, muka shiga woro-woro, tasin nan na haɗaka, muka haye zuwa Treichville. Mun tarar da layi ya riga mu. Muka yi rabin yini a kan benci, sannan aka leƙo aka ce likitan ido ta gama ganin na yau, a dawo wani mako. Ba wanda ya gaya mana tun da safe. Na dawo gida ina lissafin arba'in a raina, mako guda ya tafi a banza. Zuwa na biyu mun fi sammako. Wata dattijuwa da ba mu jin yaren juna ta matsa min wuri, ta dubi idona ta ce “Yako,” wato sannu, ta ɓare lemo ta ba ni rabi. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

Wadda ba zan ce na ji daɗinta ba ita ce ma'aikaciyar da ke gwajin farko. Ta zaunar da ni, ta rufe min ido ɗaya, ta nuna baƙaƙe a bango. Na tsaya ina ƙoƙarin kama su, don ba na son in yi zato. Ba ta jira ba. Ta dubi hijabina, ta juya wajen Sadiya kamar ba na ɗakin, ta ce da Faransanci, “Tsohuwar ba ta yi makaranta ba, ko?” Ta juya allon zuwa wanda ake yi wa marasa karatu, mai zane kamar cokali mai yatsu, a nuna da hannu ina ya fuskanta. Na ji abin da ta ce sarai. Sadiya ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Na ɗaga hannuna na riƙa nunawa, sama, ƙasa, hagu. Me zan ce? In ce na iya, alhali ga shi na kasa?

Likitar kanta yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Sadiya da yawa ba, amma Allah Ya ba ta haƙuri. Bayan ta haska ta leƙa, ta ba ni kati mai rubutu ta ce in karanta a bayyane. Ita ba katin take kallo ba, ƙwayar idona take kallo ta samansa. Da na gama ta ce, “Maman, kina shiga gbaka?” Na ce wa ke zaune a Adjamé bai san ƙananan motocin hayar nan ba. Ta ce, “To haka ido yake karatu. Ba ya zamewa a kan layi yadda muke zato. Tsalle yake yi, ya tsaya ya ɗauki kalma, ya sake tsalle. Na yaro ba ya daɗewa a tasha. Na babba yakan daɗe kafin ya gane wa ya ɗauka. Sai ƙwaƙwalwa ta gaji da jira, ta ce ai na san abin da ke gaba, ta sa shi ya wuce tasha biyu. In ya ga ya bar fasinja a baya sai ya yi ribas. Na ƙirga ribas ɗinki yanzu, suna da yawa.”

Na ce, “To wace cuta ce?”

Ta ce, “C'est l'âge, Maman. Shekaru ne.” Ta ce akwai bushewar ido, akwai yanar ido da ta fara a na hagu, wadda za a yi wa aiki nan gaba, kuma idanun biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba, shi ya sa gilashin tebur ya sa min ciwon kai. Ta ce gilashi zai daidaita gani, aiki zai ɗauke hazo, amma kada in zauna jiran saurin da, ba zai dawo ba. An yi aikin daga baya, an kuma dace, alhamdu lillahi, kuma yadda ta faɗa haka ya zama. Ta ce in nemi manyan baƙaƙe, in sa haske ya zo ta bayan kafaɗata. Sannan ta ce, “Ki riƙa bin layi da yatsa. Yatsa zai hana idon wuce tasha.”

Wannan ta ƙarshen ta fi min aikin ido nauyi. A wajenmu yara ne ke nuni da yatsa ko tsinke. Alamar an iya karatu ita ce a ɗauke hannu daga shafi. Ina jin ta ina tuna falon Arras cike da mata.

Jinyar ba ta kwanciya ba ce, ta haƙuri ce. Maganin ɗigawa safe da yamma, ni kuma da na ga kwalbar ta doso ni sai idon ya rufe da kansa. Alhaji ya ce shi zai riƙa sa min. Mutumin da ke ɗaga buhun albasa sai ga shi ya kasa saita 'yar kwalba, ɗigo ɗaya a kumatu, ɗaya a hanci. Ya ce, “Hajiya, hancin ma ai ya tsufa, bari ya samu.” Daga baya Sadiya ta riƙa biyowa kafin ta wuce shagon ɗinkinta. Kuɗin magani da na gilashi ba ƙanana ba ne. Alhaji ya ce kada in tambaya, ban tambaya ba, amma na ga shaddar da ya ce zai ɗinka ta koma wajen mai ita. Masu yin gilashin kuma suka riƙa ce mana a dawo, a dawo, har saura 'yan kwanaki arba'in kafin ya iso hannuna.

Ranar da ya iso na rufe ƙofar ɗaki, na saki labule, na buɗe mushafi mai manyan baƙaƙe da Alhaji ya samo min wajen masu littattafai na bakin tashar Gar. Na ɗora yatsa. Layin ya tsaya. Kalmomin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da farkonta da ƙarshenta, har da ƙananan da suka daɗe suna ɓuya. Amma tafiyar ta hawainiya ce. Ina ciki Alhaji ya turo ƙofa, na yi maza na janye hannuna.

“Na gani ai,” in ji shi. “Malama an koma ajin farko.”

Na fara hawaye. Ya zauna bakin gado ya ce, “Yaushe rabon da ki gan ni da mushafi a hannu? Kin ɗauka son waya ne ya sa nake kunna karatu ina saurare? Ni na sallama tuntuni, ban gaya wa kowa ba. Ke ga shi kina kokawa.” A ɗaki ɗaya muke kwana, ban lura ba.

Ranar arba'in muka isa Arras da hantsi. Na zaɓi wuri kusa da taga na juya mata baya. Da aka buɗe akwati Balki ta zo ta raɗa min, “Malama, yau ki huta, ki ja mana addu'a kawai in an gama.” Na san don ta rufa min asiri ta faɗa. Na ce, “Ba ni ɗaya.” Ta ce, “Ɗaya?” Na ce, “Ɗaya. Ki faɗa min wanne ne, a mushafina zan karanta.”

Na fito da babban mushafin, na sa gilashin da babu wadda ta taɓa gani a fuskata. Na ɗora yatsa a kan layin farko. Ban ɗaga kai ba, amma na san ana kallo, wuyana har zafi yake. Bakina ya so ya yi gaba, na riƙe shi, ban bar shi ya faɗi abin da yatsa bai kai ba. Masu biyar suka gama. Masu uku suka gama. Gunaguni ya mutu, ƙanshin shinkafa ya cika falon, wani jariri ya fara kuka. Maza suka aiko. Na ga ƙafafun Balki sun tsaya a gabana, ta durƙusa, hannunta ya matso.

Ban bar layin ba na ce, “Ki yi haƙuri, 'yata. Yaya ta ce da bakina.”

Ta janye hannunta. Na ji ta miƙe ta ce wa ɗan aiken, “Ka ce musu saura kaɗan.” Ba kaɗan ba ne ya rage. Mata suka zauna da yunwarsu, wata ta yi tari, wata ta fita da jaririn. Sau biyu na ɓata, na koma na gyara a gaban kowa. Da na kai ƙarshe na rufe, yatsana ya yi sanyi, bayan rigata ya jiƙe.

Aka yi addu'a aka shafa. Shinkafa ta huce, sai da aka mayar da miya kan wuta. Na kasa kallon kowa. 'Yar Balki, Amira, ba ta wuce shekara shida ba, ta zo ta raɓa a jikina tana wasa da igiyar gilashina. A gadon Yaya take kwana tun tana jaririya, Kaka take ce mata, ni kuma Kakar Adjamé. Na ce wa matan da ke kusa, murya ƙasa-ƙasa, “Ku yafe min, na tsayar da ku. Na tsayar da Yaya ma tana jira.”

Amira ta ɗago ta dube ni, da Hausarta ta 'yan Abidjan ta ce, “Kakar Adjamé, ai Kaka ba ta sauri. Ba inda za ta.”